Wata uku ina sauraron This Could Be Texas na English Teacher

Wani abokin aikina ne ya turo min waƙar English Teacher mai suna "R&B" da daddare, ya ce in saurara in faɗa masa ra'ayina. An ɗauke wuta, ina kwance a tsakar gida da abin ji a kunne. Na saurare ta sau uku kafin in yi barci, washegari kuma na nemo kundin gaba ɗaya. Yau wata uku ke nan ban rabu da shi ba.

English Teacher ƙungiya ce ta matasa huɗu da suka haɗu a kwalejin koyon kiɗa ta Leeds, a arewacin Ingila: Lily Fontaine mai rera waƙa, Lewis Whiting a kan jita, Nicholas Eden a kan bas, sai Douglas Frost mai ganga. Wannan ne cikakken kundinsu na farko, mai waƙa 13, ya fito ranar 12 ga Afrilun 2024, Marta Salogni ce ta tsara sautinsa. A watan Satumba na shekarar suka lashe kyautar Mercury, wadda ake bai wa kundin da ya fi fice a shekara a Birtaniya da Ireland, rabon da wani daga wajen Landan ya ɗauke ta tun 2014.

Kunnena ya saba da jita ta hannun Bombino na Agadez, wanda kiɗansa ke tafiya miƙe kamar rakumi a kan rairayi. Waɗannan yaran ba haka suke ba. Sai ka gyara zama a cikin wani kiɗa, su sauya maka shi a tsakiyar waƙa. Makon farko abin ya dame ni, musamman a "Nearly Daffodils" inda na kasa gane inda zan ajiye ƙafa. Sai daga baya na fahimci cewa kiɗan na bin maganar ne, kuma maganar ta mutum ce da bai gama sanin inda ya dosa ba.

Lily 'yar ruwa biyu ce, ta tashi a Colne, wani ƙaramin gari a Lancashire. A "R&B" tana magana ne a kan abin da ta sha gani: da an kalli fatarta da gashinta sai a yanke mata irin waƙar da ta dace da ita, wato R&B, salon kiɗan da ake dangantawa da baƙar fata, ba a kawo cewa tana iya tsayawa gaban ƙungiyar rock ba. Ba ta ɗaga murya a farko. Bas ne ke tafe shi kaɗai, mai nauyi, ita kuma tana faɗin maganar a sanyaye kamar wadda ta gaji da maimaita ta, har sai can jitoci suka ɓarke gaba ɗaya. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ba ta tsaya ga zargin mutane kawai ba. Ta nuna yadda zaton nasu ya shige ta, har ta fara shakkar kanta.

Na san wannan ciwon. A Jos aka haife ni, mahaifina Bakano ne. In na je Kano hutu, da na buɗe baki 'yan uwa su ce, "Ɗan Jos, yaushe a gari?" In na koma Jos kuwa, Bakano nake. Ba da mugunta suke faɗa ba, amma na kai shekara ashirin ina gyara harshena gwargwadon wanda ke gabana. Ban taɓa jin wanda ya bayyana nauyin wannan abu kamar yarinyar nan ba, ga shi kuwa ba ta san Jos ba balle Kano.

"The World's Biggest Paving Slab" ta ɗauko sunanta ne daga wani katafaren falalen dutse da ke shimfiɗe a garinsu. Lily ta mayar da kanta dutsen: ga girma, ga tarihi, amma kowa taka shi yake ya wuce. A ciki ta ambaci mutanen yankin, har da mayun Pendle, waɗanda aka gurfanar a 1612 bisa zargin maita, aka rataye goma daga cikinsu. Girman kai da raina kai sun haɗu a zuciya ɗaya, kuma duk wanda ya fito daga ƙaramin gari ya shiga birni ya san yadda biyun ke kwana tare. Ita kuwa "Mastermind Specialism", mai sanyin fiyano da jita, a kan rashin iya yanke shawara take. Sunan daga gasar kacici-kacici ta BBC ne, inda kowa ke zaɓen fannin da ya fi ƙwarewa a kai. Nata fannin shi ne tsayawa tsakiya.

Akwai inda ban gamsu ba. A "The Best Tears of Your Life" an saka wa muryarta na'urar gyaran murya, abin ya rufe min kyawunta, yanzu tsallake ta nake yi. Sannan Turancin na arewacin Ingila ne, cike da sunayen wurare da mutanen da ba mu sani ba. Sai da na buɗe rubutattun baitocin a intanet ina bi layi-layi kafin in kama rabin maganar. Wanda ke neman abin kunnawa a mota yana hira, wannan ba nasa ba ne.

Waƙar ƙarshe, "Albert Road", sunan babban titin Colne ne. Tana kallon mutanen da ta taso a cikinsu, da son zuciyarsu da ƙuncin tunaninsu, amma ba ta yi musu tofin Allah tsine ba, ta nemi a fahimci abin da ya mayar da su haka. Muryar na hawa sannu a hankali har ta kai inda ban zaci za ta kai ba. Ranar da na fara jin ta ina cikin a-daidaita-sahu, sai da na cire abin kunnen na yi shiru har muka iso. Da na shiga gida na kira yayata da ke Jos, muka yi kusan awa guda muna hirar layinmu na da.