Ajin Python na Ƙarshen Mako a Yaba: Amfaninsa da Gibinsa

Wata cibiyar koyar da rubuta manhaja da ke Yaba a Legas tana gudanar da ajin Python, wani yaren rubuta manhaja, a ranakun Asabar da Lahadi, kuma na halarce shi tare da wasu matasanmu daga Agege da Idi-Araba. Abin da ya sa nake ganin kuɗinmu bai tafi a banza ba shi ne yadda malamin ya dage a kan batun da ake yawan tsallakewa, wato abin da fankshin (guntun manhaja mai yin wani aiki guda) yake mayarwa idan wanda ya rubuta shi bai fayyace ba.

A Python, duk fankshin da ya kai ƙarshe ba tare da return (umarnin mayar da sakamako) ba, None yake mayarwa, wato alamar babu komai, kuma babu gargaɗin da zai fito. Malamin ya sa muka rubuta fankshin da zai nemo wa ɗan kasuwar Mile 12 farashin kaya, sai wasu suka tsara shi ya mayar da sifili idan kayan ba sa cikin jeri. Nan ya nuna mana cewa rasit zai fito da kwandon tumatir a kyauta, kuma mai kaya ba zai ankara ba sai ya zauna lissafi da yamma, alhali da manhajar ta tsaya ta sanar da kuskure, da an gyara tun mai saye yana tsaye. Ya kuma kwatanta hanyoyi biyu na neman abu a cikin rubutu: find, wanda yake mayar da -1 idan bai samu abin da ake nema ba, da index, wanda yake tayar da ValueError, wato saƙon kuskure. Haɗarin na farkon shi ne Python tana ɗaukar -1 a matsayin gurbi na ƙarshe, don haka kuskuren yana iya wucewa shiru. Ya riƙe mu da ƙa'idar PEP 8, jagoran salon rubuta Python, sosai: idan wani reshe na fankshin yana mayar da ƙima, to sauran ma su bayyana tasu ƙarara, ko da None ce.

Sai dai akwai gibi. Alamomin nau'in ƙima, waɗanda suka shigo da Python 3.5 a 2015, an bar su sai darasin ƙarshe, ga shi su ne suke sanar da mai karatu tun daga layin farko cewa None na iya dawowa. Malamin kuma yana da saurin magana, don haka sabon shiga zai fi amfana idan ya fara sanin tushen Python kafin ya biya kuɗin rajista.