Kafin jami'arku ta yar da tsohon intakom ta koma wayar intanet

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne tambayar da abokan aiki na wasu makarantu suke ta yi min, wai wace waya za su saya, Yealink ko Grandstream ko Cisco. Ni kuma kullum amsata ɗaya ce, wayar da za a ɗora kan tebur ita ce ta ƙarshe a lissafi, akwai abubuwan da suka riga ta kuma su ne suke cin kuɗi suna kashe aiki.

Mu abin da ya tura mu ga canji tsawa ce. Wata damina ta faɗo ta ƙona kati biyu a tsohon akwatin intakom ɗinmu, rabin ofisoshin ginin mulki suka yi tsit, aka yi ta neman katin a kasuwa sai tsoho wanda aka ciro daga wani akwatin. Sai ga masinjan ofishin magatakarda, dattijo ne wallahi, yana taka rana tun daga can har tsangayar kimiyya don kawai ya tambayi ko shugaban sashe yana nan, sakatarori kuma kowacce da katin wayarta take yi wa makaranta aiki ba mai biyanta. Irin akwatunan nan da yawa na Panasonic ne, kamfanin kuma tun ƙarshen 2020 ya sanar zai fita daga wannan harkar, saboda haka duk mai riƙe da shi ya san kayan gyara sai dai su yi ta ƙaranci.

To hanyoyin da ke gabanku, a taƙaice ko dai ku ajiye akwatinku a cikin makaranta, ko ku yi haya a wajen kamfani komai yana can a sabarsu, wato babbar kwamfutar da ke sarrafa kiran, kuna biya duk wata, ko kuma ku ce ba ruwanku da wayar tebur gaba ɗaya ku rungumi layin rukuni na kamfanonin salula wanda ake cewa CUG.

Bari in fara da hayar don ita 'yan talla suka fi zaƙewa a kai. Irin su Zoom Phone da Teams Phone na Microsoft, da wasu kamfanonin gida masu irin wannan tsarin. Daɗinsa a fili yake, ba saba da za ku saya, ba ɗakin da za ku sa wa na'urar sanyi, malami yana gida ko yana taro a Abuja lambar ofishinsa tana biye da shi a salula ko kwamfuta. Amma kuɗin fa kan mutum ɗaya ake yanka shi duk wata, kuma na waje da dala ne. Mu ɗauka dala 10 ne kan kowane ma'aikaci kuna da mutum 400, dala 4,000 ke nan a wata. A farkon 2023 da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati kuɗin bai kai miliyan 2 ba, bayan an saki naira a watan Yunin shekarar ta zo ta haura 1,500 a 2024, wannan dala 4,000 ɗin dai ta koma miliyan 6 duk wata ba tare da an ƙara muku ko waya ɗaya ba. Wanda ya san yadda takardar biyan kuɗi take yawo daga ofishi zuwa ofishi kafin ta fita ta asusun bai-ɗaya ya san wata rana za a makara, su kuma ba ruwansu da uzuri, rufe layi za su yi. Sannan ku tambaye su baki da baki, lambar Najeriya za ku ba mu ko ta waje, in kuma sai an haɗa da kamfanin gida to wa zai sayi na'urar da ke tsakani wa zai kula da ita.

Babban abin da ya hana ni son haya ga jami'a sukutum shi ne wannan: kiran da za ka yi wa ofishin da ke jikin naka bango ɗaya ya raba ku, sai ya nemi izini daga sabar da ke wata ƙasa kafin ya shiga. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke ta wajen gaɓar Kodebuwa, har da MainOne da WACS, kowa ya ga yadda intanet ta koma a ƙasar nan har bankuna suka ji a jikinsu. Ba ma sai an je teku ba, masu aikin titi su sare faiba a bakin ƙofar makaranta ya ishe ku kwana biyu ba waya. Ga ƙaramin ofishi mai mutum goma sha, kamar ofishin hulɗa da ke wani gari ko cibiyar karatu daga nesa, haya ta yi daidai kuma ita zan ba su shawara. Ga harabar da ke da gine-gine talatin, a'a.

Akwati a cikin gida shi na zaɓa kuma har yau ban yi nadama ba. Shi ma kala biyu ne. Akwai wanda ake sayowa a haɗe, ɗan ƙarami kamar dikoda, irin UCM na Grandstream ko na Yeastar, ka saya sau ɗaya ka jona ka shiga ta burauza ka rarraba lambobi, ko ma'aikacin da bai yi zurfi ba in an nuna masa sati ɗaya zai riƙe. Akwai kuma manhaja da za ka ɗora a kan sabarka, FreePBX wadda aka gina a kan Asterisk kyauta ce ba lasin, shi Asterisk ɗin tun 1999 yake kuma duniya ta gwada shi ta gamsu, sai 3CX wanda ake biyan lasinsa duk shekara gwargwadon yawan kiran da zai gudana a lokaci ɗaya. Kyautar nan fa tana da sharaɗi, sai kuna da mutum aƙalla biyu da suka iya Linux, manhajar da ke tafiyar da sabar, da gaske. Na ce biyu saboda na ga inda yaro ɗaya haziƙi ya haɗa komai tsaf, ya samu gurbin ƙaro karatu ya tafi, ya bar mutane da saba ba wanda ya san ko kalmar sirrinta. In ba ku da irin mutanen nan ku sayi haɗaɗɗen akwatin, guda biyu ma in da hali ɗaya yana ajiye, hankalinku kwance.

Da akwatin yana cikin gida, kira tsakanin ofisoshi bai san da intanet ba sam, a kan netwok ɗinku yake yawo kuma ko sisi ba a caja. Kiran waje ne kawai yake buƙatar hanya, shi ma akwai zaɓi. Wanda ya fi tsafta shi ne layin SIP, wato layin waya da ke bi ta netwok da ƙa'idar haɗa kira ta gama-gari, daga kamfani mai lasin NCC, su ba ku lambar ofis ta dindindin da adadin kira da kuka yi yarjejeniya a kai. Wasu kuma suna sayen na'urar da ake zuba wa layukan salula huɗu ko takwas kira ya riƙa fita ta nan, tana da araha kuma tana ceto ranar da faiba ta yanke, sai dai ku je ku yi magana da kamfanin layin a rubuce tukuna, don hukuma tana yaƙi da masu shigo da kiran ƙasashen waje ta irin wannan na'ura kuma layin da aka ga yana kira ba ƙaƙƙautawa ana iya toshe shi.

Mutane suna tsoron wai murya za ta cinye musu data. Ba ta ci. Kira ɗaya da G.711, tsarin mai da murya data mai fitar da ita garau, bai kai kilobit 90 a daƙiƙa ba, kira 30 a lokaci guda bai cika megabit 3 ba. Abin da murya ba ta jurewa shi ne jinkiri da cunkoso, in jinkirin ya wuce kamar milisakan 150 sai ku fara yi wa juna katsalandan a magana. Lokacin rajistar ɗalibai ko ranar jarrabawar kwamfuta netwok ya cika maƙil, a nan za a ji murya tana yayyankewa, maganinsa kuwa a ware wa wayoyi layinsu daban a cikin suwic, na'urar da ke rarraba netwok a gini, a ba su fifiko. Duk ɗan kwangilar da bai kawo wannan maganar da kansa ba, ku sake tunani a kansa.

Sai wuta, kuma a nan nake so ku tsaya sosai. Tsohon intakom daga akwatin yake tura wa kowace waya wutarta ta siririn wayar tagulla, batir ɗaya a ɗaki ɗaya ya riƙe makaranta duka. Wayar intanet ba haka take ba, daga suwic ɗin ginin da take ciki take shan wuta ta kebul, abin da ake kira PoE, kebul ɗin kuma ba ya wuce mita 100. Ma'ana kowane gini sai da suwic mai ba da wuta, kowane suwic sai da batir. Mu nan muka yi kuskure a zangon farko, muka zuba kuɗi a kyawawan wayoyi masu allo mai kala, da aka ɗauke wuta ƙarfe goma na safe kafin a tada janareta duk allunan suka mutu lokaci ɗaya, har da ta asibitin makaranta, ranar ban ji daɗi ba ko kaɗan don a lokacin ake neman motar ɗaukar marasa lafiya. Waya ɗaya wat kaɗan take ci, biyar zuwa bakwai, don haka ƙaramin inbata da batir da faifan sola biyu sun isa riƙe suwic ɗin gini guda, amma dole a sa su cikin kuɗin aikin tun farko, in aka ce sai baya to ba za a saya ba. Ku haɗa da abin kare tsawa da ingantaccen atin (wayar da ke kai wuta ƙasa) a kowane gini.

Wuraren da ke nesa kamar babbar ƙofa, ofishin tsaro, gona, ɗakunan kwanan ɗalibai, kada ku yi gaggawar tone tsohuwar tagullar in tana da rai. Akwai ƙaramar na'ura mai ramukan FXS da ke haɗa tsohuwar waya da sabon akwati, tagulla kuma tana kai murya nesa fiye da kebul ɗin kwamfuta nesa ba kusa ba. Mai gadi ya ci gaba da ɗaga wayar da ya saba da ita, ku kuma kun huta da jan faiba saboda waya ɗaya.

CUG ba zan raina shi ba, ga direbobi da masu gadi da masu gyaran wuta da famfo waɗanda ba sa zama a tebur ya fi komai, kuma ba ya jiran wutarku. Illarsa lambar tana bin mutum ne ba kujera ba, a canza shugaban sashe ya tafi da layin a aljihu, iyaye su yi ta kiran wanda ya bar ofis shekara biyu. Ba kuma a iya miƙa kira daga tebur zuwa tebur ko a jera masu kira a layi lokacin neman gurbin karatu. Ku haɗa shi da akwatin, kowanne da inda ya dace.

Ɓarayin kira kuma gaskiya ne, suna nan dare da rana suna lalube a ƙofar 5060, mashigar da SIP yake bi, ta duk akwatin da aka bari a buɗe ga intanet, in suka dace da lambar da kalmar sirrinta 1234 ce sai su kwana suna kiran ƙasashen waje a kan asusunku. Ku rufe kiran waje ga kowa sai ofisoshi ƙalilan, ku sa kamfanin layin ya yanka muku iyakar kuɗi a wata, masu aiki daga gida su shigo ta VPN, wato keɓantacciyar hanya mai tsaro zuwa netwok ɗinku.

In an zo rubuta takardar kwangila ku nemi a rubuta cewa wayoyin na SIP ne gama-gari da za su yi aiki da kowane akwati, kada a ɗaure ku da kamfani ɗaya. Ku nemi farashin shekara biyar gaba ɗaya har da lasin da canjin batir, a rubuta horar da ma'aikatanku da miƙa duk kalmomin sirri kafin a biya kason ƙarshe. Kuma kada a yi makaranta duka a tashi ɗaya, ku ɗauki gini guda mai yawan kira kamar na magatakarda, a sa waya ashirin, a kashe wutar ginin da gangan a cire intanet a ga ko sakatariya za ta iya kiran asibiti, a bar shi ya ga rajista ɗaya da damina ɗaya tsohon intakom yana gefe a kunne, sannan a sa hannu a kan sauran gine-ginen.