Daga Manchesta: Bature Ma Ya Koma Gwanjo

Yaya, bayan gaisuwa, ka tambaye ni ko kuɗi ya dawo hannun jama'a tunda aka ce tattalin arzikin Ingila ya farfaɗo. A takarda dai ya ɗan motsa, amma hannun mutane har yau a dunƙule yake.

A watan Oktoban 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 11.1 cikin ɗari, abin da aka yi shekara arba'in ba a gani ba. Babban bankinsu ya yi ta ƙara kuɗin ruwa har ya kai kashi 5.25 cikin ɗari, masu biyan bashin gida suka ji a jikinsu, sannan a rabin ƙarshe na 2023 tattalin arzikin ya ja da baya. Yanzu an ce hauhawar ta lafa, amma burodi da madara ba su koma kuɗinsu na da ba.

Da za ka zo babban kanti da yamma, da ka sha kallo. Akwai ma'aikaciyar da ke manna rawayar takarda a kan abincin da ya kusa lalacewa, alamar an karya kuɗinsa. Mutane na biye da ita tamkar kaji sun ga mai tsaba. Jiya wata dattijuwa mai tsadadden kwat ta riga ni ɗaukar kifi, ko kunya babu. Aldi da Lidl, da a da ake yi wa kallon kantin talaka, yanzu kowa can yake. Tun 2022 Aldi ya wuce Morrisons, ɗaya daga cikin manyan kantunan ƙasar, a ciniki.

Maƙwabcina kuwa riga uku yake jibgawa a ɗaka don kada ya kunna na'urar ɗumama gida. Tufafi kuma sai shagunan ƙungiyoyin agaji masu sayar da gwanjo, ko manhajar Vinted ta cinikin kayan hannu. Gwanjon da muke zuwa Ƙofar Wambai nema, ga masu shi suna rububinsa.

Abin da nake kewa shi ne mai shagon unguwarmu. Nan babu tayi, babu "rubuta min zuwa ƙarshen wata", babu mai auna maka rabin mudu ko ya ƙulla maka man ɗari biyu. Sai dai in kaya bai yi maka ba, ka mayar da rasit a ba ka kuɗinka ba gardama.

Wayar da ka ce, ta hannu zan saya maka, mai kyau. Ka gaida Inna, ka ce mata saƙonta sai an yi albashi.