Katifar iska ta masu jinya: tana aiki, amma mai shagon bai kyauta mana ba

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Inna, aka sallamo mu daga asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH) da ke Sakkwato muka dawo gida unguwar Mabera, babu abin da ya tayar mana da hankali kamar gyambon kwanciya da ya fara fito mata a ƙugu da diddige. Nas ɗin da ke zuwa wankin ciwo ce ta ce mu nemi katifar nan ta iska mai ɗan inji. Roba ce mai tudu-tudu kamar kiret ɗin ƙwai, injin na hura wasu layuka yana sassauta wasu bi da bi, don kada nauyin jiki ya daɗe a wuri guda har jini ya daina kai wa fata. Kuɗinta ba sai na faɗa ba, duk mai jinya ya sani.

Da farko wallahi na yaba. Jan diddigen ya washe, na ƙugun ya daina faɗi, har na fara yi wa 'yan uwa tallarta.

Sai ga watan Afrilu, zafin Sakkwato ya haura digiri 40. Wani dare aka ɗauke wuta, katifar ta sace a hankali ba wanda ya ji. Da asuba na tarar da Inna kwance a kan shafaffiyar roba, jiƙe sharkaf da gumi, zanen ya manne mata. Da ƙyar bakinta ya iya cewa, "Ɗiyata, bayana na ƙuna." Ko da muka juya ta, wurin da ya kama hanyar warkewa ya sake salewa, yana ruwa.

Abin da ya ƙona min rai, da bakinsa mai shagon ya ce da wannan katifa ba sai an riƙa juya marar lafiya ba. Da na koma masa, ko a jikinsa. Wai, "Hajiya, ai kowa ya san inji sai da wuta." Bai ma rufe baki ba ya fara yi min tallar batir! Nas kuwa cewa ta yi babu katifar da ke ɗauke wa mai jinya juya tsoho duk bayan awa 2, dare da rana.

Yanzu Yaya ya jona injin da sola, ashe ko wutar fanka ba ya ci. Muna shimfiɗa zanen auduga ninki biyu saboda gumi. Gurnanin injin da dare ya dami Inna, har yanzu takan nuna shi da hannu a kashe.

Wanda ke da sola a gida ya sayi katifar, tana da amfani. Wanda ba shi da ita ya yi tunani tukuna. Ni dai ko audugar wankin ciwo ba na ƙara saye a shagon mutumin nan.