Jakunkunan iska a bayan a-kori-kura: kaya sun yi kyau, mai ɗaurawa ya cuce ni

Idan tambayarka ita ce ko jakunkunan iskar nan suna ɗaga bayan a-kori-kura, to suna ɗagawa, har fiye da yadda na zata. Tawa da ma sifirin ɗinta ya gaji. Da an loda mata siminti ko an maƙala mata tirela sai baya ya zauna, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sakayau a hannu. Da dare kuwa fitilu sama suke haskawa, duk wanda ya taho sai ya yi ta ƙyafta min nasa, yana zaton babbar fitila na kunna masa. Da aka ɗaura jakunkunan, na loda kaya na ba su iska, ina tsaye ina kallo bodin ya taso a hankali har motar ta daidaita. Na ji daɗi ƙwarai, duk wanda ya tambaye ni a lokacin cewa nake ya je ya saya.

Abin ba shi da wani sarƙaƙiya. Jakunkuna biyu ne na roba mai kauri, kowace tana zama tsakanin shasi da ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, daidai inda robar da ke hana ƙarafan biyu dukan juna take, don haka sai an cire robar. Akwai ƙarafan ɗaurewa, da siririn tiyo mai kaurin kwata inci, da bawul biyu irin na taya. Iska ba ta wuce 100 psi (ma'aunin ƙarfin iska, irin na taya), ba ta kuma sauka ƙasa da 5 psi ko da motar ba komai a bayanta, domin jakar da ba iska takan naɗe ta goge jikinta ta huje.

Murnata ba ta daɗe ba. Ina kan doguwar hanya da cikakken lodi, rana ta take, sai na fara jin ƙaurin roba. Na ɗauka daga wata motar ne. Can sai na ji wani huci daga ƙarƙashi, bayan motar ya sulale ƙasa gaba ɗaya, ramin farko da na faɗa kuwa sai da na ji ƙarfe ya daki ƙarfe har cikin haƙorana. Ku tuna robar da ke tare wannan dukan an riga an cire ta. Na gangara gefe na leƙa. Tiyon ɓangaren da salansa take an ɗaure shi kusa da bututun hayaƙi, tazarar ba ta kai faɗin yatsu biyu ba. Ya narke ya yi baƙi, ya bar ɗan rami da gefensa ya murɗe. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ɗaya jakar ma, wadda ba abin da ya same ta, ita ma ta sace. Dalili? Mai ɗaurawar ya haɗe tiyo biyun da mahaɗi mai baki uku ya fito da bawul ɗaya tak, wai don in ji sauƙin ba da iska. Wato huji ɗaya ya kwashe iskar duka biyun. Sai da na nemi wata mota ta rage min kaya, sannan na lallaɓa a hankali, duk gargadar da na gani gabana sai ya faɗi.

Da na kai ta wajen wani bakanike daban, ya shiga ƙarƙashi ya daɗe, ya fito ya ce, "Maigida, ina farantin tare zafin?" Na ɗauko kwalin da kayan suka zo a ciki, sai ga shi nan a ledarsa ko buɗewa ba a yi ba, tare da bawul na biyu. Ya kuma zaro bakin tiyon daga mahaɗinsa ya nuna min. Da filaya aka yanke shi, bakin ya lotse ya zama kamar ƙwayar wake maimakon zagaye. Irin mahaɗan nan tura tiyo kawai ake yi ya kama, kuma zoben robar da ke ciki ba ya rufewa sai yankan ya fita sumul, a miƙe, da reza ko wuƙar yanka tiyo. Ya fesa ruwan sabulu a sauran mahaɗan, ƙananan kumfa suka dinga tasowa ɗaya bayan ɗaya. Ashe shi ya sa kullum da safe nake tarar da iska ta ragu sosai, ni kuwa an ce min sanyin dare ne. Sanyi yana rage awo kaɗan, gaskiya ne, amma ba ya shanye rabin iska.

Duk wannan yana rubuce a takardar da ta zo da kayan, har da zane. Na koma wajen na farkon da narkakken tiyon a hannuna. Ko kallonsa bai yi da kyau ba, cewa ya yi haka suke yi wa kowa kuma ba wanda ya taɓa dawowa. Wannan maganar ta fi min ciwo a kan asarar. Mota ce da lodi a kan titi, akwai rayukan mutane a gaba da baya.

An sake aikin daga farko. An zagaya da tiyo ta saman shasi nesa da salansa, an sa masa riga a inda yake gogar ƙarfe, an ɗaura farantin, kowace jaka da bawul ɗinta kusa da lambar mota. Nan na gane wani abu kuma: lanƙwasar da motar ke yi a kwana, wadda na ɗauka halin jakunkunan ne, haɗin nan ne ya jawo ta. In an haɗe su, da motar ta karkata sai iska ta gudu daga ɓangaren da nauyi ya danne ta koma ɗayan, karkatar ta ƙaru. Yanzu da aka raba, tana shan kwana a tsaye, kuma in kaya sun fi nauyi a gefe ɗaya sai in ƙara wa wannan gefen iska.

To amma kada a ce na wanke kayan tas, domin su ma ina da ƙorafi a kansu. Kwalin an rubuta masa 5,000 da manyan lambobi, wato fam dubu biyar na nauyi, mai sayarwa kuma ya bar ni ina lissafin motata ta ƙara ƙarfin ɗaukar kaya. Ko kilo ɗaya ba ta ƙara ba. Iyakar nauyin da kamfanin motar ya rubuta a jikin ginshiƙin ƙofar direba yana nan yadda yake, domin taya da birki da shasi duk na da ne. Jakar daidaita mota take yi kawai, kuma haɗarin ke nan: da, zaman bayan ne ke gaya maka ka yi lodi ya wuce kima, yanzu kuwa sai ka ga mota a miƙe ka ɗauka lafiya lau. Bakaniken ya ƙara ja min kunne kan wani bawul na birki da tsofaffin a-kori-kura da yawa ke da shi, wanda ke gane nauyi ta yadda baya ya sauka. In jaka ta ɗaga bayan, sai ya ɗauka ba kaya, ya rage wa birkin baya ƙarfi. Ba wanda ya ambata min wannan ranar da ake karɓar kuɗina.

Sannan ga ɗawainiya. In ka sauke kaya ka manta ba ka rage iska ba, bayan motar tsalle yake yi a kowane ɗan tudu, ƙugunka ya gaya maka. Jakunkunan kuma ƙanana ne, iskar da ke cikinsu ba ta da yawa, shi ya sa babban injin masu faci yake wuce awo kafin ka ɗaga hannu, ɗora geji kawai ma yana rage wani abu. Ƙaramin famfo nake yawo da shi yanzu, kullum ina tsugune a bayan mota. In za a ɗaga ta a gareji ta jikin shasi kuwa sai na tsaya a kansu, don kada tayoyin baya su rataya su ja jakunkunan fiye da kima.

Jakar hagun da ta sha matsa ranar nan tana da tabon goga a gefe, ba ta yoyo tukuna, amma ina duba ta duk sanda zan yi lodi. Zan sake saya idan ta mutu, sai dai wannan karon da kwamfuresa, wato injin ba da iska, mai layi biyu da geji a cikin mota, kuma ina tsaye da takardar a hannu har a ɗaure noti na ƙarshe.