Kwikwiyon Ruwa Biyu Da Na Saya A Zariya: Karen Ya Yi, Gidan Kiwon Bai Yi Ba

Duk mai niyyar sayen kare ɗan ruwa biyu a Zariya, ko don gadi ko don sha'awa, ga abin da na gani a hannun wani mai kiwonsu a bayan gari. Ba zan kama sunansa ba, domin ba shi kaɗai ke yin abin da zan faɗa ba. Karen da na saya yana yi mini aiki, kuma ina son sa ƙwarai. Amma gidan da ya fito, ba zan koma ba, ba kuma zan tura kowa ba.

Ina da gonar kaji a hanyar Giwa, gaba da Shika kaɗan. Ɓarayin dare sun dame mu, Baba mai gadi kuma shekaru sun ja, shi ya sa na shiga neman kare. A WhatsApp na ga tallar: uba Caucasian, uwa Alsatian. Mai kiwon ya haɗa sunayen biyu ya fitar da wani sabo mai daɗin faɗa, ya kuma yanka kuɗin da ya fi na Alsatian zalla. Alkawari uku ya yi mini a waya. Ya ce zai ɗauko girman uban, zai ɗauko basirar uwar da jin magana, sannan ya ce, "Alhaji, ɗan ruwa biyu ba ya ciwo, jininsa ya fi ƙarfi."

Haƙƙinsa dai sai na ba shi. Yana ɗaukar waya, bai yi mini wasa da lokaci ba, kwikwiyon da ya nuna mini a bidiyo shi ya miƙo mini, ya haɗo mini da ɗan abincin da ya saba ci don kada cikinsa ya ruɗe. Iyakar yabon ke nan.

Gaban gidan tsaf yake. Kejuna ne masu fenti, cike da 'yan ƙananan karnukan nan masu gashi buzu-buzu, haɗin Lhasa da Poodle da makamantansu, waɗanda ya ce 'yan jami'a da matan manya ke rububinsu. Da na ce sai na ga uwar nawa, sai ya fara hanya-hanya, wai tana da faɗa. Na tsaya a kan bakata, yaronsa ya zagaya da ni baya. Tana kwance a wani kejin kwano da rana ke duka tun hantsi. Ana iya ƙirga haƙarƙarinta, nonuwanta sun zazzago har suna taɓa siminti, kaska ta yi jere a gefen kunnuwanta da tsakanin yatsunta, kwanon ruwanta ya yi kore. Ko haushi ba ta yi mini ba, kai kawai ta ɗago. Na tambayi yaron sau nawa ta haihu, ya ce shi dai tun zuwansa duk lokacin da ta nemi namiji ake haɗa ta. Karya takan nemi namiji kusan duk wata 6, cikinta kuma kwana 63 ne ko kusa da haka, sai shayarwa ta biyo baya. Ka lissafa ka ga hutun da ya rage mata. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Uban kuwa ba ya gidan, hayarsa aka yi don barbara, kuma babu takarda ko ɗaya da ke nuna likita ya taɓa duba shi ko ita.

Daga can asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru na wuce. Likitan ya buɗe bakin kwikwiyon ya dubi haƙoransa, ya ce bai kai sati 8 da aka gaya mini ba, an yaye shi da wuri. Katin rigakafin da aka ba ni babu lambar kwalbar allura, babu sa hannun likita, don haka ya ce a faro daga farko: allurar da ke kare su daga cutar fabo, mai sa amai da gudawar jini, da sauran cututtukan da ake haɗa ta da su, a maimaita bayan 'yan makonni, sannan ta haukan kare idan ya cika wata 3. Aka ba shi maganin tsutsar ciki, abin da ya fitar washegari ba kyan gani. Ya kuma gargaɗe ni kada ya taka inda wasu karnuka ke yawo kafin allurar ta kammala, domin ƙwayar fabo takan yi watanni a ƙasa ba ta mutu ba. Wannan shawarar na yi amfani da ita, Allah Ya saka masa da alheri.

Yanzu ya girma. Girman uban dai ya ɗauko, haɗe da gashinsa. Asalin Caucasian karen makiyaya ne na duwatsun Kokesas, wajen Jojiya da Armeniya da kudancin Rasha, inda ƙanƙara ke sauka. Gashinsa ninki biyu ne, akwai na sama mai kauri, akwai na ƙasa mai laushi. Da hunturu sai ka ga yana nishaɗi, yana zagaye gona har asuba. Da bazarar Zariya ta kama, a Maris da Afrilu, tausayinsa nake ji. Tun ƙarfe goma yake neman gindin mangwaro, harshe a waje, yana haki har cikinsa na kaɗawa. Dole na sa aka yi masa rumfar zana, ana yayyafa ruwa a ƙasa. Da damina kuma kaska kan shige cikin gashin ta ɓuya, sai ka sa yatsu ka buɗa har fata kafin ka gan ta, kuma ita ce ke kawo musu zazzaɓin da ke shanye jini. Jin maganar Alsatian da aka yi mini alkawari bai zo ba. Yana gadi da gaske, baƙo ba ya kusantar ɗakin kaji, amma idan ya ƙuduri abu, kira uku ba ya juyo da shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙafarsa ta baya. Tun bai shekara ba na lura idan ya tashi daga kwance sai ya ɗan daɗe yana daidaita kansa, idan yana gudu kuma yakan haɗa ƙafafun baya biyu ya yi tsalle da su tare. Hoton ƙashi ya nuna kan cinyar bai zauna daidai a gurbinsa na ƙugu ba. Ciwo ne da gado ke da hannu sosai a cikinsa, kuma an san Alsatian da shi, an san Caucasian da shi. Ka haɗa biyu masu ɗauke da abu guda, ta ina ɗansu zai tsira? Masu kiwon kirki sukan ɗauki hoton ƙugun uwa da uba kafin a haɗa su. A nan hoton kwikwiyo kawai aka ɗauka, don talla.

Maganar cewa ɗan ruwa biyu ba ya ciwo ba a Zariya aka faro ta ba. A 2024 kwalejin likitancin dabbobi ta Royal da ke Landan ta fitar da bincike kan dubban karnuka, ta gwada 'yan ruwa biyu iri uku, Labradoodle da Cockapoo da Cavapoo, waɗanda dukansu haɗin Poodle ne da wani jinsi, da jinsunan iyayensu a kan cututtuka 57. A mafi yawan gwaje-gwajen ba a sami bambanci ba: ba su fi iyayen lafiya ba, ba su kuma fi su ciwo ba. Shi kansa wanda ya fito da Labradoodle, Wally Conron, ba kasuwa ya nufa ba. A 1989, yana aiki da wata ƙungiyar horar da karnukan ja-gorar makafi a Ostireliya, ya haɗa Labrador da Poodle saboda wata makauniya a Hawai wadda mijinta ba ya jituwa da gashin kare. Cikin 'ya'ya uku da aka haifa, ɗaya ne ya dace. Mutane sun ƙi karɓar rainon sauran don ruwa biyu ne, sai da aka raɗa musu suna aka kai kafafen labarai, nan take kowa ya ce yana so. A 2019 Conron ya fito fili ya ce yana nadamar abin da ya faro, saboda yadda 'yan neman kuɗi suka shiga haɗa karnuka barkatai ba ruwansu da lafiyarsu.

Na sha jin ra'ayoyi tunda na kawo karen nan. Wani kawuna a cikin birni ya riƙe baki da jin an ba da kuɗi an sayi kare, ya kawo mini hadisin da ya hana cin kuɗin kare. Na ce masa, "Kawu, ai na gadin gona ne," domin shari'a ta yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, malaman Malikiyya kuma sun yi saɓani kan sayar da irin wanda aka halatta riƙewa. Bai gamsu sosai ba, kuma ban ga laifinsa ba. Masu riƙe da jinsi zalla su kuma raina shi suke yi, suna cewa karen banza ne aka yi wa suna. Su ma ban bi su ba. Jinsunan da suke alfahari da su mutane ne suka tace su, kuma yawan haɗa dangi da dangi don a fitar da kama ɗaya shi ya gadar wa da yawansu cututtuka. Haɗa jinsi biyu a karan kansa ban ɗauke shi laifi ba. Makiyayanmu da mafarautanmu sun daɗe suna zaɓen wanda za su haɗa da wanda, amma su aiki suke dubawa da juriya. Karen gida na Baba mai gadi, siriri mai gajeren gashi, da tsakar rana yake bin sa har bakin titi ya dawo, ko a jikinsa.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mai da mai rai injin haihuwa. Mu da muka taso da jin labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, bai kamata kwanon ruwan waccan karyar ya wuce mu ba mu ce komai ba. A Ingila tun Afrilun 2020 doka ta hana dillalai da shaguna sayar da kwikwiyon da bai kai wata 6 ba, sai dai a je wurin mai kiwon kai tsaye ko gidan ceton dabbobi, kuma mai lasisin kiwo dole ya nuna kwikwiyo tare da uwarsa. Mu ma mai saye zai iya kafa wannan sharaɗin da bakinsa. Ka ce sai ka ga uwa a inda take kwana, ba a fito maka da ita gaban gida an yi mata wanka ba. Ka tambayi yaushe ta yi haihuwar baya. Ka nemi kati mai lambar allura da sa hannun likita, kuma kada ka karɓi wanda bai cika sati 8 ba. Idan na gashi buzu-buzu kake so, ka sani gashin Poodle ba ya daina tsiro, yana buƙatar taza kullum da aski akai-akai, in ba haka ba ya cukuikuye ya ja fata har ta yi gyambo.

Kwanan baya mai kiwon ya ga hoton karen ya kira ni. Ya ce, "Alhaji, ka kawo shi ya yi barbara, in ba ka kwikwiyo ɗaya kyauta." Na gaya masa abin da hoton ƙashi ya nuna, na ce kare mai wannan ƙugun bai kamata ya haifi ko ɗaya ba. Na roƙe shi ya hutar da uwar, ya kai ta Samaru a duba ta, na ce kuɗin maganin kaska da na tsutsa ni zan biya. Ya ce zai duba, ni kuma na ce masa zan sake kira ranar Juma'a.