Keken ɗinki ko kwalejin malamai?

Yarinya ta gama sakandare a Sakkwato, kuɗin hannun mahaifinta kuma na abu ɗaya ne: ko keken ɗinki, ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari.

Keke ba ya ɓata lokaci. Kafin Sallah ta zagayo atamfofin maƙwabta sun cika tabarma, zubin adashe yana fita, ba tare da ta leƙa ƙofar gida ba. Sai dai bashi ke karya ɗinkin cikin gida. "Rubuta, Yaya, sai an yi albashi." An tafi ke nan.

Kwaleji kuwa shekara uku ce kafin takardar shaidar malanta ta NCE, ga kuɗin abin hawa kullum, albashin firamare kuma bai taka kara ya karya ba. Amma malama guda a wani ƙauyen Wurno takan sa uba ya sauke wa 'yarsa farantin talla, ya tura ta aji, don mace ce a gaban allo. A ƙarni na 19 ma Nana Asma'u takan aika malamanta mata, masu laƙabin jaji, ƙauyuka suna karantar da mata ɗalibanta da ake kira 'yan taru.

Da 'yata ce, kwaleji za ta. Keken kuwa ma saye shi da kwasar adashe.